Stellarium: na yarda da lissafinta, amma ban yarda da hotonta ba

Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a Katsina, kuma cikin kayan da nake koyarwa da su babu wanda nake buɗewa kamar Stellarium. Manhaja ce da ke zana maka sama a fuskar kwamfuta yadda take a garin da ka zaɓa, a ranar da ka zaɓa, har mintin da ka zaɓa, ko yau ne, ko shekara dubu baya, ko dubu gaba. Ta kwamfuta ba a biyan ko kwabo. Wani Bafaranshe mai suna Fabien Chéreau ne ya fara rubuta ta a 2001, masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka ɗora a kai, kuma sai a 2022 suka yarda su kira ta fitowa ta 1.0. Mutanen da za su shekara ashirin da ɗaya suna aiki kafin su ce abinsu ya nuna, ba masu garaje ba ne.

Abin da ya sa na zauna yin wannan rubutu kuwa shi ne abin da nake gani duk ƙarshen Sha'aban da ƙarshen Ramadan. Wani zai buɗe manhajar a waya, ya jawo wata har ya cika fuskarta, ya ɗauki hoton jinjiri fari ƙal, ya watsa a WhatsApp da cewa "ga shi nan, yau za a gan shi in sha Allahu." Wani kuma ya mayar masa da cewa ai duk ƙaryar Turawa ce. Dukansu biyu ba su karanta abin da manhajar ta faɗa ba. Ita lambobi take bayarwa, a gefen hagu na sama, da ƙananan baƙaƙe. Can amfaninta yake.

Sauke ta zai ci maka ɗaruruwan megabait, don haka a nemi inda data ke da araha. Da ta sauka, shi ke nan, ba ta sake neman intanet, kuma tana zuwa da taurari sama da 600,000. Tana aiki a Windows da Mac da Linux. Tsohuwar kwamfuta kan yi nishi da ita, musamman idan an hanzarta lokaci. Akwai ta da Larabci, akwai ta da Faransanci ga 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Maɓallan da za ka riƙe ba su da yawa: F6 don zaɓen gari, F5 don rana da lokaci, F3 don neman wata ko tauraro, F10 don jadawalin lissafi. Maɓallin A kan ɗauke iskar da ta lulluɓe duniya, maɓallin G kan ɗauke ƙasa.

F6 ɗin nan shi ne farkon komai, kuma nan mutane suka fi tuntuɓe. Idan ka bar manhajar ta nemo garinka da kanta, adireshin intanet ɗinka take bi, shi kuwa sau da yawa Legas yake nunawa ko da kana zaune a Ƙofar Soro. Legas tana wajen digiri 6 da rabi arewa da tsakiyar duniya, Katsina kuwa kusan digiri 13, tazarar ba ta wasa ba ce. Ko a cikin Arewa ma, tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan digiri 8 daga gabas zuwa yamma. Duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti huɗu, ke nan ɗan Maiduguri ya riga ɗan Sakkwato shan ruwa da kimanin rabin awa, alhali agogonsu ɗaya. Wanda ya bar Legas a manhajar ya zo yana faɗa wa mutanen Daura lokacin faɗuwar rana, ba laifin lissafi ba ne. Ka sa garinka da hannunka, ka duba cewa agogon yana kan na Najeriya da Nijar, awa ɗaya gaba da na Girinwic, sannan ka danna a ajiye shi.

Abokin aikina da ke koyar da kemistiri ba ya auna komai a sikelinsa sai ya fara ɗora masa ƙarfen da ya san nauyinsa tun asali. Masu gwajin jini a asibiti ma haka suke yi da safe, su fara ba na'ura samfurin da an riga an san amsarsa. Haka ake gane abin awo: ka tambaye shi abin da ka sani. Mu mutanen Katsina kuwa Allah ya ba mu tambaya mai kyau. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, ana gama ƙidayar jama'a da kwana kaɗan, aka yi cikakken husufin rana. Inuwar watan ta ratso Gana da Togo da Benin, ta shigo Najeriya, ta bi ta Gusau da Katsina, ta tsallaka Nijar ta nufi Libiya da Turkiyya. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya tuna yadda gari ya rufe da hantsi bayan ƙarfe goma, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika. Na sa Katsina, na mayar da ranar, na bar lokaci yana tafiya. Wata ya zo ya ci ranar daga gefe har ya rufe ta ruf, a daidai wannan hantsin, Zara ta fito a fuskar kwamfutar. Da na canza gari zuwa Legas, sai ga gefen rana ya rage bai rufu ba, yadda abin ya kasance a can. Kowace shekara ina nuna wa ɗalibaina wannan, in ce su je gida su tambayi iyayensu. Ba a taɓa dawo mini da saɓani ba.

To daga ina take samun wannan daidaito? Manhajar ba ta hango sama, ba ta kuma tambayar wani tauraron ɗan'adam. Lissafi ne tsagwaronsa a cikinta. Don matsayin rana da duniyoyi tana amfani da wani tsari da ake kira VSOP87, wanda Pierre Bretagnon da Gérard Francou suka fitar a Faris a ƙarshen shekarun 1980. Dubban jimloli ne na lissafi da ake tarawa, kowace tana ɗauke da jan da wata duniya ke yi wa 'yar'uwarta. Ga duniyoyin da ke kusa da mu, kuskurensa bai wuce kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri ba, har tsawon shekara 4,000 kafin 2000 da 4,000 bayanta. Faɗin wata a idonmu rabin digiri ne kacal, sai ka kwatanta. Shi wata da kansa ya fi kowa wuyar sha'ani, domin duniya na jan sa, rana na jan sa, don haka yana da nasa tsarin daban, ELP2000-82, aikin Michelle Chapront-Touzé da Jean Chapront. Mai son ya wuce nan yana iya sauko da jadawalin cibiyar JPL ta hukumar NASA, irin su DE430 da DE440, ya liƙa wa manhajar. Da irinsu ake tuƙa kumbo zuwa wasu duniyoyi. Ni ban ga abin da mai duban wata zai ƙaru da shi a nan ba, sai dai ƙarar data.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake bin diddigin waɗannan jadawalai da awo na zahiri. A Yulin 1969 'yan sama-jannatin Apollo 11 sun bar wani faranti mai madubai a kan wata. Apollo 14 da 15 sun ƙara nasu a 1971, motocin Lunokhod biyu na Tarayyar Sobiyet ma suna ɗauke da irinsa. Har yau daga Amurka da Faransa ana harba hasken leza zuwa waɗannan madubai, a jira ya dawo. Tafiya da dawowar kan ɗauki kimanin sakan biyu da rabi. Gudun haske an san shi, mita 299,792,458 a sakan. Sakan ɗin ma tun 1967 ba da juyawar duniya ake auna shi ba, da kaɗawar ƙwayar zarrar sinadarin siziyam ne, sau 9,192,631,770. Ka ninka lokaci da gudu, ka raba biyu, nisa ya fito. Tazarar da ta kai kimanin kilomita 384,400 ana auna ta har zuwa santimita, wasu wuraren ma milimita. Ta nan aka gano wata yana ja da baya daga gare mu da kimanin santimita 3.8 a shekara. Idan mutum ya ce mini lissafin wurin da wata yake zato ne, wannan nake karanta masa.

Akwai wuri ɗaya da lissafin ke sassautawa, kuma masu manhajar ba su ɓoye shi ba. Juyawar duniya ba ta tafiya daidai wa daida, tana raguwa a hankali, kuma ba da tsari ɗaya ba. A yau bambancin agogon zarra da agogon juyawar duniya, yadda masana falaki ke lissafa shi, wajen sakan 69 ne, kuma an auna shi. Amma in ka koma ƙarni goma sha huɗu baya, ya haura awa ɗaya, kuma ƙiyasta shi ake yi daga tsofaffin labaran husufi. Shi ya sa a cikin saituna za ka tarar da jerin hanyoyi na ƙiyasin. Na gwada husufin 27 ga Janairu 632 daga Madina, wanda masana falaki da yawa ke dangantawa da ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Husufin yana nan da safe ko wace hanya ka zaɓa, mintocinsa ne ke ɗan motsawa. A kula kuma, duk ranar da ta gabaci Oktoban 1582 manhajar da tsohuwar kalandar Juliyas take ƙirga ta.

Yanzu ga inda muka rabu da ita. Sanin inda wata yake daban, ganinsa da ido daban. Jinjirin da ke fuskar kwamfuta kamar hoton amarya ne bayan mai hoto ya gama gyara shi: ita ce, amma ba haka za ka gan ta a tsakar gida ba. Kana jawo shi kusa, manhajar tana ƙara masa girma da haske. Akwai ma wani zaɓi a F4 da ke kumbura wata don ya yi kyau a ido, a tabbata an kashe shi. Idan kuma ka danna A ka ɗauke iska, sama za ta yi baƙi ƙirin da rana tsaka, ka ga jinjiri a gefen rana ɓaro-ɓaro, abin da idon ɗan'adam ba zai taɓa gani daga doron ƙasa ba. Yawancin hotunan da ake yaɗawa da haka aka ɗauke su.

Ga yadda nake yi. In tsayar da lokaci daidai faɗuwar rana a ranar 29 ga wata, ba tare da na ɗauke iska ba, in danna kan wata, in karanta abu uku: digiri nawa ya ɗago daga inda sama ta haɗe da ƙasa, digiri nawa ne tsakaninsa da rana, minti nawa kuma zai yi bayan ranar kafin shi ma ya faɗi. Kwanan wata, wato awa nawa ya yi da haihuwa, shi mutane suka fi so, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani, domin wata mai awa ashirin yana iya zama a kwance daf da ƙasa. Tun shekarun 1930 André Danjon na Faransa ya lura cewa idan tazarar wata da rana ta gaza kimanin digiri 7, ba a ganin jinjiri. A wannan tazarar, abin da ke haske a fuskar wata bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, ga shi kuma a cikin jan almuru. A 1997 Bernard Yallop na Ingila ya fitar da ma'auni daga rahotannin duba 295. Mohammad Odeh, wanda ya kafa ƙungiyar masu duban jinjiri ta ICOP, ya fitar da nasa daga rahotanni 737, ya kuma sauko da iyakar zuwa digiri 6.4 ga mai madubin hangen nesa. Malesiya da Indonesiya da Burunai da Singafo yanzu suna aiki da ɗagowar digiri 3 da tazarar digiri 6.4. Ka lura, duk waɗannan ba daga dokar jan taurari aka ciro su ba, daga tarin shaidun mutane ne, wa ya gani wa bai gani ba. Don haka suna da faɗin wuri a tsakiya inda amsar ita ce: mai yiwuwa. Taswirorin Odeh, masu nuna inda ake sa ran ganin jinjiri, nake ɗorawa kusa da lambobin Stellarium, biyun tare sun fi kowanne shi kaɗai.

Inda manhajar ke magana da cikakken baki shi ne wajen cewa a'a. Ɗauki Litinin 8 ga Afrilu 2024, wato 29 ga Ramadan 1445 a ƙirgenmu. A ranar aka yi cikakken husufin rana a Meziko da Amurka da Kanada, husufin rana kuwa ba ya faruwa sai wata ya shiga tsakaninmu da ita. Haɗuwar wata da rana ta kasance ƙarfe 7:21 na dare agogonmu. Rana ta faɗi a Katsina tun wajen 6:40. Sa wannan a manhajar, danna G ka ɗauke ƙasa, za ka ga watan ya riga ranar nutsewa. Ba maganar hazo ba ce ko kaifin ido, babu shi a saman ne gaba ɗaya. Fadar Sarkin Musulmi ta sanar da cika azumi talatin, aka yi Sallah ranar Laraba 10 ga wata. Matsa zuwa yammacin Talata kuma, tazarar ta haura digiri 12, yaro ma ya gan shi. Hukuncin tsayuwar wata na Mai Alfarma ne da kwamitinsa, ni ba na shiga hurumin malamai. Abin da nake cewa kawai, mai zuwa duba ya san inda zai kalla, mai karɓar shaida kuma ya san tambayar da zai yi.

Abu biyu ƙanana da kan rikita masu kwatanta lambobi. Iska tana lanƙwasa haske, har abin da ke bakin ƙasa ya bayyana sama da inda yake da fiye da rabin digiri. Lokacin da ka ga gindin rana ya taɓa ƙasa, a haƙiƙa ta riga ta shige gaba ɗayanta. Manhajar ta san da wannan, har akwai wurin sa zafin gari da nauyin iska. Na biyu, wasu jadawalai daga tsakiyar duniya suke lissafi, ita kuwa daga inda kake tsaye, kuma ga wata bambancin kan kai kusan digiri ɗaya. Idan ka ga lambarka ta saɓa da ta wani shafi da kimanin haka, nan za ka fara dubawa.

Hazo kuwa ba ta san shi ba. Akwai wurin da za ka ƙara wa iska kauri da hannu, amma wa zai faɗa maka lambar ƙurar da ta taso daga Bodele a Cadi yau da yamma? A watan Janairu akwai ranakun da rana kanta ke ɓacewa tun tana sama da rufin gidaje. A irin wannan yammaci manhajar za ta nuna maka garau, kai kuma ko Zara ba ka samu ba. Zarar ma a yi hattara da ita, ita da farin layin da jirgin sama ke bari, sun sha ruɗar masu duba. Jinjiri na gaskiya, cikinsa mai haske yana fuskantar inda rana ta faɗi. Dunƙulen hannunka idan ka miƙe shi gaba yana rufe kimanin digiri 10 na sama, da shi za ka mayar da lambar kwamfuta abin da ido zai bi.

Akwai ta waya, da ta kyauta da ta kuɗi, akwai kuma wadda ake buɗewa a shafin intanet. Don sanin sunan tauraro da dare, ta kyautar ta wadatar. Sai dai idan ka ɗaga wayar kana nuna sama, da kamfas ɗin wayar take aiki, shi kuwa ƙarfen ƙofa, rodin gini, ko lasifika na iya karkatar da shi. Kada a fitar da alƙibla da haka. Lokacin da za a faɗaɗa masallacin unguwarmu, matasa uku suka zo da wayoyi uku, kowace da inda ta nuna. Liman ya dube ni ya ce, "Malam, a cikinsu wacce ce ta taɓa zuwa Makka?" Na ce, "Allah gafarta Malam, babu, amma rana tana zuwa, mu jira ta." Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan mintin, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Ka'aba. Aka kafa sanda a tsaye cak, aka ja layi a kan inuwarta. Na Mayu ya fi, domin Yuli hadari ne. A manhajar za ka iya tabbatar da abin da kanka: sa Makka, ka ga rana a tsakar ka, sannan sa Katsina a wannan lokacin, ka karanta kusurwarta. Wajen digiri 70 ne daga arewa, wato ba gabas sak ba, an karkata hagu da kimanin digiri 20.

Wani ɓangaren da tsofaffi suka fi so idan na nuna musu shi ne na sunayen taurari a al'adu daban-daban. Akwai na Larabawa bisa aikin Abdurrahman al-Sufi na ƙarni na goma, akwai kuma manzilolin wata 28. Nan za ka ga asalin taurarin da manomanmu ke ƙirga damina da su, Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha, kowanne da kwana goma sha ukunsa, Jabaha da sha huɗu. Wani kawuna da ya shekara yana faɗin "Ɗarfa ta shiga" sai a fuskar kwamfutata ya fara ganin inda take. Abin da zan so a ƙara shi ne namu na gida, Kaza da 'Ya'yanta, Gamzaki, Zara matar wata. Ƙofar a buɗe take, domin kowa na iya tsara na al'ummarsa ya aika musu. Aiki ne da ya dace da ɗaliban sashen Hausa da na fiziks su haɗu a kai, tun masu riƙe da sunayen suna raye.

Gwaji na gaba da kowa zai iya yi mata shi ne na Litinin 2 ga Agusta 2027. Cikakken husufin rana zai bi ta kudancin Sifaniya da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, ya kai sama da minti shida a Luksor ta Masar, ya ratsa Jidda da Makka bayan ƙarfe ɗaya na rana agogonsu. Mu nan Arewa wani yanki na ranar kawai zai cinye mana. Mai niyyar Umara a lokacin ya sa Makka a manhajar tun yanzu, ya rubuta mintin a takarda, ya tafi da agogo mai kyau da tabarau na musamman na kallon husufi. Baƙin gilashin da ake sayarwa a bakin titi ba ya kare ido daga rana.